Maza masu fuska biyu a takardun masu bincike: daga Khartum zuwa Kano

A 1926 wani matashin Bature, Evans-Pritchard, ya iso Sudan, gwamnatin mulkin mallaka da ke Khartum ta tallafa masa ya yi bincike cikin ƙabilar Azande a kudu. Dattawa suka ba shi labarin zamanin sarakunansu: mayaƙin da bai samu mata ba yakan kai wa iyayen wani saurayi mashi a matsayin sadaki, su zauna tare, daga baya ya auri mace. Saurayin ma in ya kawo ƙarfi sai ya yi nasa auren. Wasu daga cikin samarin yara ne, abin da yau sunansa cin zarafi. Baturen ya danne wannan bayani kusan shekara 40, sai 1970 ya buga shi.

A Omdurman da kewaye kuwa, ta ƙofar zar maganar ta ɓullo. Zar ɗan'uwan borinmu ne: ganga, turare, da shaiha mai jagorantar mata. Pamela Constantinides, wadda ta kammala digirinta na uku a Landan a 1972, ta lura da 'yan tsirarun maza cikin taron, waɗanda jama'a ke zargi da neman maza. Duk Bahaushen da ya san matsayin 'yan daudu a bori zai gane hoton.

Rudolf Gaudio, da ya fara aiki a Kano a 1993, ya fi kowa kusantar zancen. A littafinsa na 2009 ya nuna cewa da yawa cikin masu harka, wato maza masu neman maza, magidanta ne, da mata da 'ya'ya, kuma ba sa kiran kansu da wani suna na daban. Nan ma'aunin Kinsey na 1948, wanda ke auna sha'awar jinsi daga 0 zuwa 6, ya gaza, domin sha'awa da aiki yake aunawa, alhali a ƙasashenmu aure wajibi ne na zaman jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin muryar matan waɗannan mazaje a binciken, ga kuma batun lafiyarsu.

Yin tambaya kan wannan batu ma haɗari ne. Sashe na 148 na dokar Sudan ta 1991 ya tanadi bulala kan luwaɗi, da kisa a karo na uku. A Yulin 2020 aka cire su, ɗauri kaɗai ya saura. Yaƙin Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa malaman Jami'ar Khartum, bincike ya ƙara wuya.