Tocilar Mai Gadi a Unguwannin Masana'antun Kano

Tun zamanin Turawa da aka keɓe Bompai domin masana'antu, kafin a buɗe Sharaɗa da Challawa mai majemun fata, tsaron dare ya rataya ne a wuyan mai gadi da fitilarsa. Da fari fitilar ƙwai ce mai kananzir, sannan tocilar ƙarfe mai manyan batura, wadda jan haskenta kan dushe kafin asuba. Ƙarancin lantarki kuwa, daga hukumar NEPA ta 1972 zuwa kamfanin KEDCO na 2013, bai bar tocila ta huta ba.

Sauyi ya zo bayan Akasaki da Amano da Nakamura na Japan sun samar da shuɗin LED, wato ƙwan da ke haske ba tare da zare mai zafi ba, wanda daga gare shi ake samun farin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Sai dai wajen zaɓen tocilar LED, hoton haskenta yakan yaudari mai saye, domin kyamarar waya tana ƙara haske da kanta. Kwatanta hasken tociloli a hoto ba ya inganta sai an tsayar da saitin kyamara, an haska bango ɗaya daga tazara ɗaya.