ZARE: Rabi'u Ali "Pele", wanda bai tafi Turai ba 🧵

1/ A kowane gidan kallo daga Pauwa zuwa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, za ka samu yaron da zai lissafo maka ƴan benci na Arsenal kaf. Amma ka tambaye shi kofi nawa Rabi'u Ali ya ɗaga a Kano Pillars, sai ya fara sosa ƙeya. Ku matso, yau tarihin na gida ne.

2/ Mu fara da Ingila tukuna. Ƙwallonsu ba Firimiya kaɗai ba ce. Ƙarƙashinta akwai Championship, League One da League Two, duk na ƙwararru masu cin albashi. Mutane da yawa sun ƙare rayuwarsu ta ƙwallo a nan, ba su taɓa buga Firimiya ba.

3/ John Trollope ya buga wa Swindon Town wasan lig 770 daga 1960 zuwa 1980. Babu wanda ya kai haka a ƙungiya ɗaya sai a 2023, da Dean Lewington na MK Dons ya wuce shi. Ba taurarin duniya ba ne, amma garuruwansu sun ƙirga wasanninsu ɗaya bayan ɗaya, sun adana.

4/ To mu ma muna da irinsu. An haifi Rabi'u Ali a 1980 a Kano. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, gwanin bugun tazara da fenariti. Magoya bayan Sai Masu Gida suka laƙaba masa "Pele", sunan ya bi shi har ya kusa danne na yanka.

5/ Da shi Pillars ta ci gasar Najeriya sau uku a jere: 2012, 2013, 2014. A zamanin nan filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama dodo. Kusan shekara 12 ba a doke su a gida a lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta zo ta karya lagon.

6/ Janairun 2014, gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida a Afirka ta Kudu, marigayi Stephen Keshi na horarwa. Rabi'u na da shekara 33, lokacin da wasu ke shirin rataye takalmi. Ya ci Mozambik biyu a wasan da muka tashi 4-2.

7/ Sai wasan kwata fainal da Maroko. An tafi hutun rabin lokaci suna cinmu 3-0. Wallahi da yawa sun kashe talabijin. Aka dawo, Najeriya ta farke duka ukun, ta biyu Pele ne ya ci, aka ƙare 4-3 a ƙarin lokaci. Mun zo na uku a gasar. A CHAN ta 2018 ma yana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe.

8/ Kar ku ɗauka daɗi ne zalla. Ɗan wasan gida a mota yake ratsa ƙasar nan. A Maris 2015 ƴan bindiga suka buɗe wa tawagar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, za su Owerri wasa, ƴan wasa biyar suka jikkata. Mu ƴan kudancin Katsina ba sai an yi mana bayanin tsoron hanya ba.

9/ A 2018, wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba: Pillars ta yi gaba da 3-0, shi ya buɗe cin. Rangers ta farke, ta ɗauke kofin a bugun fenariti. Abin da ya yi wa Maroko, shi aka yi masa. Shekara ta zagayo, 2019, suka doke Niger Tornadoes a Kaduna suka ɗaga kofin karon farko.

10/ Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye: a 2019 ɗin hukumar lig ta dakatar da shi wasa 12, bayan rikicin da ya biyo wasansu da Rangers a Legas. Zafin zuciya na cikin labarin, kamar yadda ƙwallaye suke ciki.

11/ Babbar jarrabawar ta zo a 2022. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta faɗa gasar ƴan dagaji, tare da Katsina United ɗinmu. A nan ake gane na gaske, don kowa na son rigar zakara. Kyaftin ɗin ya haura 40, ya tsaya. A 2023 ƙungiyoyin biyu suka dawo sama.

12/ A 2024 Ahmed Musa, wanda ya bar Pillars a 2010 ya zaga Holan, Rasha, Ingila, Saudiyya da Turkiyya, ya dawo gida. Ya tarar da Pele yana nan cikin fili, yana da shekara 44. Hanya biyu daban, riga ɗaya.

13/ Ga abin da nake so ƙannena masu buga ƙwallon yamma su riƙe. Fita waje alheri ce in ta zo ta sahihiyar hanya. Amma an sha jin iyaye sun sayar da gona ko shanun huɗa an ba dillalin bogi, yaro ya maƙale a wata ƙasa babu ƙungiya. Tunanin "in ba Turai ba, ba komai" shi ke jefa mutane hannun irin waɗannan.

14/ Mu masu kallo ma da namu aikin. Abin da ba a rubuta ba iska ke kwashe shi. In ana gasar unguwa ko ta ƙaramar hukuma, a samu mutum ɗaya da littafi: wa ya buga, wa ya ci, yaushe. Haka Swindon ta san 770 ɗinta.

15/ Wane ɗan ƙwallon garinku ne manya ke ba da labarinsa har yau? Ku ajiye laƙabinsa da ƙungiyarsa a ƙasa, mu fara tarawa. Allah ya ba mu zaman lafiya, filaye su sake cika. 🙏