Kundayen Da Suka Tsira Daga Bola

A shekarar 1939 Bill Hewlett da David Packard suka fara sana'a a wani ɗan gareji a Palo Alto, jihar Kalifoniya ta Amurka. Abin da suka fara sayarwa shi ne HP 200A, na'ura mai fitar da sauti domin gwada kayan lantarki, a kan dala 54.40. Kamfanin Disney ya sayi guda takwas na ƙanwarta, 200B, domin aikin fim ɗin Fantasia. A 1946 kuma Howard Vollum da Jack Murdock suka kafa Tektronix a Portland ta jihar Oregon, kamfanin da ya yi suna da osiloskop, na'urar da ke zana motsin lantarki a kan allo har ido ya gani.

Waɗannan kamfanoni, da General Radio da ya riga su tun 1915, sun riƙa buga katalog suna aika wa injiniyoyi. A ciki akwai hoton kowace na'ura da farashinta da iyakar abin da za ta iya aunawa. A hankali kundin HP ya zama littafi mai ɗaruruwan shafuka, har da darussa kan yadda ake awo. Idan muka jera su shekara bayan shekara, za mu ga lokacin da taransista ta kori kwalaben lantarki, da lokacin da lambobi suka maye gurbin allura mai rawa.

Sai dai ba wanda ya ɗauki katalog a matsayin abin ajiyewa. Da sabo ya iso, tsohon ya tafi bola. Kamfanonin ma sun yi ta sauya hannu: sashen awo na HP ya koma Agilent a 1999, daga nan Keysight a 2014. A watan Oktoba na 2017 wutar daji ta afka wa Santa Rosa, ta ƙone akwatunan takardun Hewlett da Packard da ke ajiye a harabar Keysight.

Yawancin abin da ya tsira, masu sha'awa ne suka tsirar da shi. A 2015 wani kamfanin sayar da tsofaffin litattafan na'urori, Manuals Plus na jihar Maryland, zai rufe ya zubar da kayansa. Jason Scott na Internet Archive ya yi yekuwa, mutane suka zo suka kwashe dubban litattafai cikin 'yan kwanaki.

Kwashewar ma somin taɓi ce. Sai an ɗauki hoton kowane shafi da sikana, a lallaɓa manyan zanen wayoyi masu naɗi kada su yage, sannan a bi da manhajar gane haruffa domin a iya laluben kalma. Manhajar kan ɗauki sifili a matsayin harafin O, kuma kuskure ɗaya a lambar kayan gyara ya isa ya ɓatar da mai gyara, don haka dole mutum ya sake dubawa da idonsa.

Da dama daga cikin na'urorin nan suna aiki har yau a ɗakunan gwaji da shagunan gyara, amma in babu takardunsu, ƙaramar matsala kan mayar da su tarkace. Mu da muke ajiye komai a intanet ya kamata mu lura: katalog na 1960 ya kai ga sikana ne domin wani ya adana shi a kabad. Shafin kamfani kuwa, ranar da aka rufe shi, sai dai in an riga an kwafe.