Yaya Ake Ba da Dariya Sau Biyu? Tarihin Monkey Island da Magadansa

Duk wanda ya taɓa ba da labarin ban dariya a majalisa har aka riƙe ciki, sannan washegari aka ce ya sake, ya san cewa na biyun ba ya kamo ƙafar na farko. Kalmomin suna nan yadda suke, masu sauraro ma su ne dai, amma mamakin da ya haifi dariyar ya riga ya tafi. Wannan ita ce matsalar da masu shirya wasannin barkwanci na kwamfuta suka fuskanta a Amurka tsakanin 1987 da 2000. Wasa ya karɓu, jama'a sun ce a ƙara musu, kamfani yana son kuɗi. To, me za a ƙara? In aka maimaita tsohuwar raha, ta yi tsami. In aka sauya komai, masoya su ce an ci amanarsu.

Irin wasannin da muke magana a kansu ba na harbi ko tsere ba ne. Labari ne da mai wasa yake shiga cikinsa: ya zagaya gari, ya yi hira da mutane, ya tsinci tarkace ya zuba a aljihu, sannan ya yi ta tunanin inda kowane abu zai yi amfani. Ƙwaƙwalwa ake wasawa, kuma a waɗanda aka gina kan barkwanci, warware matsalar ita kanta ce abin dariyar.

Gidaje biyu, ɗabi'u biyu

Kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan fage, dukansu a jihar Kalifoniya. Na farko shi ne Sierra, na Ken Williams da matarsa Roberta. A 1986 ya fitar da Space Quest, wanda Mark Crowe da Scott Murphy suka tsara, labarin wani mai shara a jirgin sararin samaniya, Roger Wilco, da ƙaddara ta mayar da shi gwarzo. Barkwancin Sierra yana da ƙeta. Ka taka inda bai dace ba, ka mutu, wasan kuma ya yi maka ba'a. Wani lokaci ka bar wani ƙaramin abu a baya, sai bayan ka yi nisa ka tarar ba gaba ba baya.

Na biyun shi ne sashen wasanni na kamfanin George Lucas, mai fina-finan Star Wars, wanda daga baya aka sani da LucasArts. A 1987 Ron Gilbert da Gary Winnick suka fitar da Maniac Mansion, labarin matasa da suka kutsa gidan wani mahaukacin masanin kimiyya don ceto wata yarinya. Gilbert ya gina masa wata manhaja mai suna SCUMM, wadda ta hutar da mai wasa daga rubuta umarni: ya zaɓi aikatau a allo kawai, ya nuna abin da yake nufi. Sai dai shi ma wannan wasa yana da hanyoyin mutuwa da na maƙalewa. A 1989 Gilbert ya rubuta wata maƙala inda ya zayyana aibobin wasannin zamaninsa, har da nasa. Ginshiƙin hujjarsa shi ne bai kamata a hukunta mai wasa don ya gwada wani abu ba.

Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ga barkwanci fiye da yadda ake zato. Mai tsoron mutuwa ba ya gwada shirme, alhali a cikin shirmen aka ɓoye mafi yawan dariyar.

Guybrush, 1990 da 1991

A 1990 aka fitar da The Secret of Monkey Island, wanda Gilbert ya rubuta tare da matasa biyu, Tim Schafer da Dave Grossman. Wani saurayi mai suna Guybrush Threepwood ya sauka a tsibirin Mêlée da burin zama ɗan fashin teku, ga shi ba ƙarfi ba kwarjini. Ya faɗa son gwamnar tsibirin, Elaine Marley, ya kuma ja wa kansa gabar LeChuck, ɗan fashin da ya mutu ya dawo fatalwa.

Abin da aka fi tunawa da shi a wasan shi ne faɗan takobi da baƙar magana. Abokin karawa ya yaɓa maka magana, kai kuma ka nemo amsar da za ta mayar masa da ita. Da farko amsoshin da ka sani kaɗan ne. Sai ka sha kaye a hannun 'yan fashin hanya kafin ka tara su. Da ka isa gaban gwanar takobin tsibirin, sai ka tarar duk maganganunta sababbi ne, amma tsofaffin amsoshinka sun dace da su in ka fahimci ma'anarsu. Wanda ya haddace kawai zai faɗi. Marubucin nan Orson Scott Card ya taimaka wajen rubuta waɗannan maganganu.

Shekara guda bayan haka, a ƙarshen 1991, Monkey Island 2: LeChuck's Revenge ya fito, kuma babu faɗan baƙar magana a cikinsa. Sun ajiye abin da aka fi yaba musu a kai. Guybrush ma ya sauya: ya tara gemu, ya sa babbar kwat, ya ishi kowa da labarin yadda ya kashe LeChuck, Elaine kuma ta rabu da shi. Yaron da muka tausaya wa ya zama mai cika baki. Wasan ya buɗe zuwa tsibirai uku da ake kai-kawo a tsakaninsu don neman gutsattsarin taswira huɗu. An zana wuraren da hannu kafin a shigar da su kwamfuta, sannan Michael Land da Peter McConnell suka ƙirƙiro tsarin iMUSE, wanda ke sa kiɗa ya sauya salo ba tare da yankewa ba idan ka fita daga titi ka shiga shago.

Ba ya rasa aibi. Akwai inda ake buƙatar rufe wani famfo, kuma maganin shi ne ka ɗauko wani biri mai kaɗa fiyano ka murɗa famfon da shi. Dalili? A Turancin Amurka akwai wata sifana da ake kira monkey wrench, wato sifanar biri. Waɗanda suka yi wasan a fassarar wasu harsuna sun sha wahala a nan, domin wasan kalma ba ya ƙetare iyakar harshensa.

Ƙarshen labarin ne ya fi tayar da ƙura, kuma wanda bai yi wasan ba ya sani zan tona shi. Bayan duk gwagwarmayar, sai ga Guybrush da LeChuck a matsayin ƙananan yara biyu suna fitowa daga wani wurin shaƙatawa, iyaye na yi musu faɗa. Mafarkin yara ne duka, ko sihiri aka yi wa Guybrush? Gilbert bai amsa ba. A 1992 ya bar kamfanin ya tafi ya kafa na wasannin yara, ya bar tambayar a rataye.

Magajin da ya fi mahaifinsa

Schafer da Grossman ne suka karɓi aikin ci gaban Maniac Mansion, wanda ya fito a 1993 da sunan Day of the Tentacle. Daga cikin matasan wasan farko, Bernard kaɗai suka dawo da shi. Suka riƙe gidan, suka kuma raba shi a zamani uku: Hoagie ya faɗa shekara 200 baya, zamanin da ake rubuta tsarin mulkin Amurka; Laverne ta faɗa shekara 200 gaba; Bernard ya tsaya a yau. Abin da aka taɓa a jiya yana bayyana a gobe.

Misali guda ya isa. Laverne ta maƙale a kan wata bishiya. Yaran Amurka sun tashi da tatsuniyar cewa George Washington ya sare bishiyar ceri yana yaro. Don haka Hoagie, a can baya, ya shafa wa 'ya'yan bishiyar jan fenti, ya zuga Washington ya sare ta. Bishiyar ta ɓace daga tarihi, Laverne ta faɗo ƙasa bayan shekara 400. Ba a gaya maka barkwancin ba, kai ka haɗa shi da hannunka. Mutuwa da maƙalewa kuwa an share su gaba ɗaya, tsohon wasan kuma aka saka shi cikakke a wata kwamfuta da ke ɗaya daga ɗakunan gidan, ga mai son ya kwatanta.

Sierra ma ta gane matsalar, ta bi da ita ta hanyar yi wa kanta dariya. A Space Quest IV na 1991, Roger Wilco yana tsalle a cikin zamani daga wannan kashi na wasan zuwa wancan, har da na 10 da na 12 waɗanda ba a taɓa yin su ba.

Lokacin da gado ya zama kaya

The Curse of Monkey Island ya zo a 1997, ba Gilbert, ba Schafer, ba Grossman. Larry Ahern da Jonathan Ackley suka jagorance shi. Wasa ne mai kyau: zane kamar na katun, muryar Dominic Armato a bakin Guybrush, da Murray, ƙoƙon kan da ba shi da gangar jiki amma kullum yana barazanar mallake duniya. Sai dai ya yi abu biyu da ke nuna sabon yanayi. Ya bayyana ƙarshen na biyu da cewa sihirin LeChuck ne kawai, ya kuma dawo da faɗan baƙar magana, wannan karon da sharaɗin amsa ta yi amsa-amo da zagin.

A Escape from Monkey Island na 2000 an sake dawo da dabarar ta fuskoki daban-daban, har ta kai ga wani faɗan birai da ake kira Monkey Kombat, inda sai mai wasa ya zauna da takarda yana rubuta jerin sautuka yana haddacewa. Abin da a 1990 ya hukunta mai hadda, a 2000 hadda yake nema. Shi ne sabon wasa na ƙarshe na wannan nau'i da LucasArts ya shirya. Kasuwa ta riga ta karkata tun fitowar Doom a 1993, an soke ci gaban Full Throttle a 2003, na Sam & Max kuma a 2004. Wasu ma'aikatan suka fice suka kafa Telltale, wanda ya fitar da Tales of Monkey Island kashi biyar a 2009. Disney ya sayi kamfanin Lucas a 2012, ya rufe sashen shirya wasanninsa a 2013.

Idan aka jera su, bambancin ya fito. Magadan da suka yi fice sun riƙe yarjejeniyar da ke tsakanin wasa da mai wasa, wato gwada duk abin da ka ga dama, ba za a cuce ka ba, sannan suka zo da sabuwar raha. Waɗanda suka raunana sun riƙe rahar ce, suna ta juya ta kamar ɗumamen tuwo.

Komawa wurin shaƙatawa

Ranar 1 ga Afrilu, 2022, ranar da ake zolaya da labarin ƙarya, Gilbert ya sanar cewa yana shirya sabon Monkey Island. Da yawa ba su yarda ba, amma gaskiya ce. Shi da Grossman suka fitar da Return to Monkey Island a watan Satumba na shekarar, da izinin Disney, domin mahaliccin labarin ba shi ne mai mallakarsa ba. Tun kafin fitowarsa wasu masoya suka yi ca a kan sabon salon zanen, har Gilbert ya daina tattauna wasan a shafinsa saboda cin mutunci. Shekara 30 suna roƙon ya dawo, da ya dawo kuma suka tarar 1991 suke nema, wadda ba ta hannun kowa.

Wasan ya buɗe a wurin shaƙatawar nan, sai ya bayyana cewa yaron ɗan Guybrush ne yana kwaikwayon labaran mahaifinsa, shi kuwa uban yana zaune a benci, ya manyanta, yana ba da labari. A ƙarshe, da aka buɗe akwatin da ke ɗauke da sirrin tsibirin, riga ce 'yar shan iska a ciki, irin ladar da Guybrush ya tono a neman taskarsa ta farko a 1990. Tsohon barkwanci ne aka maimaita, amma mutanen da suka yi masa dariya suna yara yanzu su ne masu 'ya'ya, kuma a gefen uban suke zaune a bencin.