Wa Ke Ba Da Baki? Iko da Karɓar Zance a Ƙagaggun Labaran Hausa

A 1974 Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson suka fitar da maƙalarsu a mujallar Language kan yadda masu hira ke karɓar zance daga bakin juna. Tsarin da suka zana mai sauƙi ne: mai magana ya zaɓi wanda zai bi shi, in bai zaɓa ba wani ya sa baki da kansa, in kowa ya yi shiru shi ya ci gaba. Hirar yau da kullum ta masu jin Ingilishi suka nazarta, kuma su da kansu sun ware zaman kotu da na taro daban. Manazarcin da ya ɗauko wannan ma'auni ya aza wa labaran Hausa, yana ƙirga wanda ya fi yawan magana don ya gano mai iko, zai yi ɓatan kai. A wurinmu mai iko shi ke ba da baki, shi ke rufe zance, kuma sau da yawa kalmominsa ne mafi ƙaranci a shafi.

A duba Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937. Aku ne ke cinye shafuka, dare bayan dare yana zuba wa Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Amma bakin da yake magana da shi na aro ne. Sai ya nemi izini, ya yi gaisuwar fada, ya lallaɓa, domin kalma ɗaya daga Musa ta isa ta tsinke komai. Tsawon zancensa alamar rauninsa ce: marar ikon cewa "kada ka fita" dole ya bi ta labari. Imam ya san fada, inda sarki kan yi shiru fadawa su amsa gaisuwa a madadinsa, talaka kuma ya durƙusa yana jiran a ce ya faɗi abin da ke tafe da shi.

A cikin gida kunya ce ke raba zance. Ɗiya a gaban mahaifinta ba ta da amsa sai "to", ko sunkuyar da kai, kuma a shari'ance ma shirun budurwa yarda ne. Nan marubuta mata suka sa hannu. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta bar Alhaji Abdu da ikon yanke zance da saki, amma ta buɗe wa matarsa Rabi wasu wuraren: ɗakin 'yan'uwanta, gaban 'ya'yanta. Ba ta karya ƙa'idar gidan ba, sai ta kai mai karatu inda ƙa'idar ba ta aiki. A ganina wannan ya fi gaskiya a kan littattafan soyayya da yawa inda budurwa ke yi wa mahaifinta jawabi mai shafi biyu ba wanda ya katse ta.

Marubucin Nijar yana da wani makami kuma, wato harshe. A unguwa irin Banifandu a Yamai, Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna zaune tabarma ɗaya a fadar samari. Ana cikin gardama a bakin butar shayi, wanda ya yi lakwal ya juya zuwa Faransanci, wanda bai yi ba ya tsaya riƙe da kofinsa. An ƙwace masa baki ba tare da an ɗaga murya ba. Tun zamanin komanda da tafinta abin yake, lokacin da maganar talaka ba ta isa kunnen hukuma sai ta bakin wani. 'Yan wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo, waɗanda Janet Beik ta nazarci fagensu a littafinta na 1987, cikin wannan duniya suka yi aiki, inda ofis ke da harshe ɗaya, kasuwa ke da wani.

Ɗaliban sashen harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ba su da nisa da waɗannan fadodi. Su nemi izini, su ɗauki hirar a waya, su auna wa ya katse wa, da wane harshe, sannan su gwada da abin da ake rubutawa.