Hukuncin Janye Wa Mutum Mabiyansa a Kasuwancin Netwok

TAMBAYA: Ina kasuwancin nan na kawo mutum ka samu kaso a Boɗinga, na tara mutane a ƙarƙashina har daga Shagari. Yanzu wani ɗan wani kamfanin yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana zuga su su bar ni. Ya halatta gare shi? Yaya zan tsare su?

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ɗan'uwa, kafin ka tsare garke, ka duba ko halal ne abin da kake kiwo. Majalisar fatawa ta Saudiyya ta yi fatawa mai lamba 22935 a shekarar 1425 bayan Hijira, ta haramta tsarin da mutum ke zuba kuɗi don kason waɗanda zai jawo, kayan sayarwa kuwa lulluɓi ne kawai, saboda akwai riba da garari da cin dukiyar mutane da ɓarna. Mun ga yadda MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016. In naka irin wannan ne, wanda ya fitar da mutum daga ciki nasiha ya yi masa, kai ma fita ta wajaba a kanka. In kuwa kaya ne na gaske, farashinsu daidai da kasuwa, ladanka kuma daga sayarwa yake fitowa, to dillanci ne, sai mu shiga tambayarka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin mutum ya shiga cikin cinikin ɗan'uwansa. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya fassara hanin da lokacin da ɓangarorin biyu suka riga suka natsu da juna, suna daidaita sharuɗɗa. Kafin haka kowa na da damar tayi. Abu Dawud kuma ya ruwaito barrantar Annabi (SAW) daga mai hure kunnen matar wani ko bawansa, malamai suka yi ƙiyasin ma'aikaci a kai. Saboda haka wanda ya zo wa mutanenka da ƙarya a kanka, ko ya shiga rukuninku na WhatsApp da sunan almajiri don ya kwashe lambobi, ko ya zuga wanda ke da yarjejeniya da kai ya warware ta, ya yi zunubi. Wanda ya tallata nasa a fili, wani ya bi shi da kansa, babu laifi a kansa.

Sannan ka sani mutanen nan 'ya'ya ne, ba ka mallake su ba. A mazhabar Malikiyya, wanda aka ɗauka ijara zuwa wani wa'adi dole ya cika shi. Amma mai aikin jinga, wato ji'ala, wanda sai ya sayar yake samun lada, yana da damar bari duk ran da ya so. Mafi yawan mabiyanka na biyun ne.

Abin da ya halatta ka tsare su da shi:

1. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta shiryar a kan bashi: kason kowa, wa'adi, da yadda za a rabu.
2. Ka biya kowa haƙƙinsa a kan lokaci.
3. Ka faɗa musu gaskiyar abin da ake samu. Wanda ka yi wa alkawarin mota, bai ga ko kuɗin acaɓa ba, shi ne farkon tafiya.
4. Ka sami mai janyewar da nasiha. In ya ƙi, ku je ga liman ko shugabannin kasuwa, sannan kotu.

Bai halatta ka rantsar da su da Alƙur'ani cewa ba za su bar ka ba, ko ka riƙe kuɗin wanda ya tafi, ko ka ɓata masa suna, balle zuwa wurin boka. Wanda ya tafi kuma ya mayar da kayan amana da bashin da ke kansa. Arzikinka rubutacce ne, ba ya bin kowa ya bar ka.

Allah ne Mafi sani.