Daga Daɓe Zuwa Tayil: Tarihin Dokar Gini a Legas da Santsin da Ba a Ƙirgawa



Duk wanda ya daɗe a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12 ya san wani dattijo da ya tafi alwala da ƙafarsa aka dawo da shi a ɗauke, ko wata baiwar Allah da santsi ya kwashe a matakalar asibiti. Mukan ce tsautsayi ne, a kai mutum wurin maɗori, magana ta mutu. Amma tarihin dokar gini ya nuna cewa tun da daɗewa masana da mahukunta suke ɗora alhakin irin wannan faɗuwa a wuyan wani.

Kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dokokin Sarki Hammurabi na Babila sun yanke hukuncin kisa ga maginin da gidansa ya rufta ya kashe mai gida. Wannan kan rushewa ke nan. Batun santsi kuwa, malaman Musulunci sun yi masa filla-filla. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna shi a Ihya'u Ulumiddin inda yake lissafa abubuwan ƙi na gidajen wanka da hanyoyi. A wurinsa, shimfiɗa dutse mai sulɓi a ƙofar gidan wanka abin hani ne, dole a cire shi. Ya kuma kawo mas'alar wanda ya bar sabulu a ƙasa har wani ya zame ya karye: in a ranar farko ne, lamuni na kan wanda ya bar sabulun, in an kwana, ya koma kan mai gidan wankan, domin al'ada ita ce a wanke wurin kullum. Yasar da ɓawon kankana a hanya da yayyafa ruwan da zai kayar da mutane duk ya sa su cikin abin da za a hana. Shekara fiye da 900 ke nan da wannan bayani.

A ƙasar Hausa, gini sana'a ce mai shugabanci. Akwai Sarkin Magina, kuma har yau ana tuna Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ƙasan ɗaki kuwa aikin mata ne. Sukan taru su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, su buga da maɗaɓi har daɓe ya kama. Irin wannan daɓe yana riƙe tafin ƙafa. Iyayenmu da suka sauko kudu fataucin goro da shanu ba su taso da fargabar zamewa a tsakar gida ba.

A Legas, dokar gini ta zamani ta shigo da Turawa. Ingila ta karɓe garin a 1861, a 1863 aka yi dokar gyaran gari ta farko. A 1917 gwamnatin Lugga ta fitar da dokar da ta karkasa garuruwa aji-aji, Legas ita kaɗai ce a aji na ɗaya. Sai dai hankalin mahukunta ya fi karkata ga unguwannin Turawa. Abin da ya tilasta musu waiwayar unguwannin talakawa shi ne annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a 1924 ta yi shekaru tana kisa a lungunan tsibirin Legas. A 1928 aka kafa hukumar raya Legas, LEDB, ta shiga rushe gidajen da suka cushe. Ita ce kuma daga 1955 ta tashi mutanen tsakiyar gari aka mayar da su Surulere. Tun daga nan tsarin ya zauna: sai an yi asarar rayuka sannan doka ta motsa.

Dokokin da suka taɓo ƙasan da muke takawa sun zo daga baya, kuma ba su yi suna ba. A 1957 Ingila ta yi dokar da ta wajabta wa mai riƙe da wuri ya kula da lafiyar duk wanda ya shigo masa bisa izini. A 1961 aka yi wa Legas makamanciyarta. Ma'anarta ita ce mai kanti, mai otel ko masu kula da wurin taro za su iya biyan diyya in sakacinsu ya jikkata baƙo. Dokar masana'antu ta 1987 ita ma ta ce a gina ƙasa da matakala da hanyoyin wucewa da inganci, a riƙa gyara su, kuma duk inda aiki ke jiƙa ƙasa a yi wa ruwa hanyar fita.

A 1992 gwamnatin soja ta fitar da dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya. Jihar Legas ta ƙalubalance ta, a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fitar a 2006 bai da haƙori sai jiha ta mayar da shi dokarta. Legas ta yi tata dokar a 2010, wadda ta haifar da hukumar sa ido kan gine-gine, LASBCA.

Duk da haka gine-gine ba su daina zubewa ba. A Satumbar 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue a Ikotun ya rufta, mutum 116 suka mutu. A Maris na 2019 bene mai ɗauke da makarantar firamare ya faɗi a Ita Faaji, aka rasa kusan mutum 20, da yawansu yara. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a titin Gerrard da ke Ikoyi, fiye da mutum 40 suka rasu. Waɗannan su ake kafa wa kwamitin bincike. Wanda santsi ya kayar kuwa shi kaɗai yake faɗuwa, ba jarida, ba kwamiti. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin mutuwar tsautsayi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 suka fi mutuwa.

A tsawon wannan tarihi ƙasan ma ta canja. Daga daɓe aka koma siminti, daga siminti aka koma tarazo, yanzu kuma tayil mai ƙyalli ya cika kasuwa. Masallatanmu da makarantunmu na Islamiyya sun bi yayi. Matsalar ita ce tayil ɗin falo ake shimfiɗawa a wurin alwala, a baranda, a bakin ƙofa, a garin da ake shafe watanni ana ruwan sama, gansakuka na fitowa cikin 'yan kwanaki. Ga dattijo, karayar ƙugu sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

Masu yin tayil sun san wannan. Jamusawa suka fito da ma'aunin riƙon ƙafa daga R9 zuwa R13. R9 na busasshen ɗaki ne, wurin jiƙa yana son R11 ko sama. Inda ake takawa ba takalmi akwai ajin A, B da C, C ya fi riƙo. Masana'antu da dama suna rubuta wannan a jikin kwali. In babu, a jiƙa tayil ɗin a shago a taka shi da tafin ƙafa kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma dokar kare masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a 2024. Gangaren keken guragu da aka lulluɓe da tayil mai santsi ya fi matakala haɗari.

Don haka kira ga kwamitocin masallatai, shugabannin kasuwa da na mahauta, da sarakunan Hausawa na unguwanni: kafin damina ta kankama a zagaya a duba. A karkata ƙasan wurin alwala ruwa ya riƙa gangarawa kwata, a sa ƙarfen dafawa a matakala da gefen wurin zama, a kankare gansakuka, a gyara fitilar da ake buƙata da asuba, a canja tayil ɗin da ya taɓa kayar da wani. Jami'in gwamnati ba lallai ya leƙo wurin alwalarmu ba, amma bisa ƙa'idar da malamai suka shimfiɗa, santsin da ya kwana alhakinsa na kan masu kula da wurin.

Allah Ya kiyaye mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.